Faranti Mai Harafin T

Ranar da Pak Trisno ya sauya wa tsohon kekensa na hawan dutse kayan aiki, sai da ya tara maƙwabta su shaida. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin kekuna ta unguwarsu a birnin Solo, mutumin da yake cewa ko noti ya shinshina zai gane na asali ne ko jabu. To amma yayi ya zo da ƙaramin farantin kaca guda a gaban keke, mai walƙiya, shi kuwa ba ya son a riga shi komai.

Ya kwance farantan nan uku da kaca take hawa, har da babban, wanda ya taɓa zana wa harafin T da ƙusa saboda ɓarayi. Ya watsar da su bayan akurkin kaji, kusa da gawar keken marigayi surukinsa.

"Nak Tris, waɗannan fa?" in ji Bu Sumirah, uwar matarsa, wadda ke ce masa Nak, wato ɗana, tana murza man zafi a gwiwa.

"Tarkace ne, Bu. Bar maganar keke, ba ta mata ba ce."

Abin da gwanin bai tsaya ya tuna ba shi ne Solo a shimfiɗe take kamar tabarma, sabon kayan kuwa na hawan tudu ne. A hanyar ofis ƙafafunsa suka riƙa juyawa kamar fanka, keken na jan ciki.

Ba a daɗe ba wani ya fara wuce shi kowace safiya, cikin hular kwano da takunkumi da baƙin tabarau. Ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya bar masa warin man zafi, irin wanda 'yan tsere ke shafawa a cinya. Abin baƙin cikin, daidai rumfar miyar soto yake wuce shi, inda 'yan ƙungiya ke karyawa.

Mas Danang, wanda ya daɗe yana hararar kujerar shugabanci, ya ɗaga cokali. "Pak Shugaba, jiya mun zaci tura keken kake yi. Mu zo mu taya ka?"

Ran Pak Trisno ya ɓaci. Ya rantse a gaban kowa, in Juma'a ta wuce bai sha gaban mutumin nan ba, ya ajiye shugabanci.

Ya ƙara wa tayoyi iska, ya cire kwandon baya, ya daina cin shinkafar safe. Babban farantin ne kawai bai nema ba, don neman sa amsa kuskure ne, shi kuwa bai saba ba.

Juma'a da safe ƙararrawar ta kaɗa, aka wuce shi kamar yana tsaye. 'Yan rumfa suka bar kwanoni suka biyo baya. Allah ya taimake shi, sandar mashigar jirgin ƙasa ta sauko ta tare hanya. Ya iso yana haki, ya tsaya kusa da abokin gabarsa, idonsa ya sauka kan kayan keken mutumin yadda ya saba. Kayan asali ne tsaf, an goge su suna sheƙi. A jikin babban farantin kuwa ga harafin T.

Farin ciki ya kama shi, don ya ga mafita. Ya damƙe kan keken, ya ɗaga murya yadda Mas Danang zai ji. "Ɓarawo ne, jama'a. Da kayana yake tsere mini. Wannan ba gasa ba ce, sata ce. Buɗe fuskarka!"

Mai keken ya janye takunkumin a hankali.

"Sakar mini keke, Nak Tris," in ji Bu Sumirah, "kai ka ce tarkace ne, kuma zan makara motsa jikin tsofaffi."