Harafin da Manhaja ta Haɗiye

"Ci ne mana!" Oga ya daka mata tsawa. "Me kike jira?"

Mai ƙididdigar kamfanin ta ƙura wa allon kwamfuta ido. Sakamakon gwajin sabon abincin jarirai ya fito, amma manhajar ta haɗiye harafi ɗaya: "Yaran da suka ?i abincin: kashi 91."

"Ranka ya daɗe, bari in duba ainihin bayanan tukuna."

"Dillalai na zaune suna jirana, ke kina tukuna? Sa c ki buga min!"

Ta sa c, ta buga. Ya fizge takardar da ɗuminta, ya faɗa ɗakin taro.

Ta koma kan allon. Can ƙasa ga "?arfi", ga "?an?ano", ga "ma?ogwaro". Duk haruffa masu lanƙwasa ne suka ɓace.

Tafi ya ɓarke a ɗakin taron. Ta jiyo Oga yana cewa gobe kaya za su shiga shaguna.

Ta dawo layin farko. "Abincin." C ɗinsa na nan zaune lafiya lau.

Yaran ba ci suka yi ba. Ƙi suka yi.