Baƙin Tabo a Kan Soro

Wani mutum ya kai 'yarsa mai shekara bakwai wurin wata tsohuwar likitar haƙori, don ya ga ɗigon baƙi a tsagar matauninta, wato haƙorin can ciki da ake tauna da shi. Likitar ta duba, ta ce ruɓa ce ta soma amma ba ta kai ga yin rami ba. Za ta wanke wurin, ta shafa magani mai ƙarfafa haƙori, ta liƙe tsagar, a dawo bayan wata shida. Mutumin bai gamsu ba. Shi a ganinsa tsutsa ce a ciki, kuma in ba a kunna inji an huda ba, to ba a yi aiki ba. Sai ta ajiye ɗan madubinta ta ce, "Malam, wannan haƙorin ba irin wanda ake famfara ba ne. In ya tafi ba shi da magaji. Zauna ka ji wani misali."

Ta ce an yi wasu maƙwabta biyu a wani gari, magini guda ya yi musu soro a shekara guda. Da bazara ta yi, kowannensu ya hau kan soronsa, kowa ya tarar da abu ɗaya: wani ɗan lotso inda ruwa ke kwanciya, wurin ya yi baƙi, da tsaga siririya kamar zare. Na farko mutum ne mai zafin nama, wanda ba ya iya ganin abu ya ƙyale. Ya ce ai ba a sanin iyakar ɓarna sai an tona. Ya ɗauko diga ya fasa wurin, ya yi ta haƙa har ya kusa taɓa azara, kuma bai sami komai ba sai busasshiyar ƙasa mai ƙwari. Ya kwaɓa sabuwa ya cike ramin, ya sauko yana ta haki, mutanen gida suna yi masa sannu da aiki. To amma sabuwar ƙasa ba ta kama tsohuwa yadda ginin farko ya kama kansa. Da damina ta yi nisa bakin cikon ya buɗe, ruwa ya sami hanya. Shekara ta zagayo ya sake tonawa, wannan karon da faɗin faifai, don sai ya cire har gefen da ya jiƙa. Ta uku ramin ya kai faɗin tabarma. A ta biyar azara ta ruɓe, rufin ya rufta cikin ruwan Agusta a kan hatsin da ya ajiye na iri.

Na biyu shi ma ya ga tabon. Ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya ji tauri, ya san fatar ginin tana nan ba ta fashe ba. Sai ya share ƙasa da kashin tantabaru, ya buɗe indararo don ruwa ya daina kwana, ya dama makuba ya shafe tsagar sau biyu. Aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba, ko gumi bai yi ba, har matarsa ta ce shan iska ya hau yi. Babu wanda ya yi masa sannu. Abin da mutane ba su lura da shi ba, duk bayan ruwa mai ƙarfi sai ya jingina tsani ya hau ya duba, in makubar ta goge ya ƙara. Baƙin tabon bai ɓace ba, yana nan inda yake, amma bai ƙara ko taƙi ɗaya ba. A ƙarƙashin wannan rufin aka yi sunan jikokinsa.

Likitar ta ce, "Ba na ce ba a tona soro ba. In ya riga ya huje, dole a tona a cike, kuma injina na nan don irin wannan ranar. Amma na 'yarka bai huje ba. Abin da nake so a gare ka ya fi huda wuya: a goge mata baki da man goge baki safe da dare, a rage alewa da lemon kwalba, kuma ka dawo da ita ko ba ta ce tana jin ciwo ba. Hawa tsanin ke nan, kuma a nan yawancin iyaye ke gajiya."

Daga nan likitar ta ja nata kumatun da yatsa ta nuna masa wani giɓi can ciki. Ta ce tana 'yar shekara tara aka huda mata wannan haƙorin saboda ɗigon da bai fi ƙwayar gero ba, don zamanin haka aka iya. An sake cikon sau huɗu, kowane ya fi na baya faɗi, tana shekara arba'in aka cire abin da ya rage. Har yau da ɓari ɗaya take tauna, kuma abin yana yi mata ciwo a rai.

Mutumin ya dubi giɓin, ya dubi 'yarsa, bai sake maganar inji ba. Likitar ta jawo kwalbar maganin shafawa tana cewa, "Hausawa sun gama magana: garin neman gira a rasa ido."