Sunan Gida

Da Muntaka ya san abin da tambayar nan za ta tono, da ya riƙe bango kafin ya amsa.

"Baba, a gida da wane suna ake kiran yaron?" in ji ma'aikaciyar ofishin neman ɓatattu a Garwa ta ƙasar Kamaru.

Shekara biyu ke nan yana zuwa, tun da ɗansa Muhaimin ya ɓace ranar da suka gudo daga garin Kolofata. Kullum a jerin maza ake duba masa Muhaimin, kullum babu.

Ya sunkuyar da kai. "Hajjo. Maza uku muka binne, shi ne uwarsa ta laƙaba masa sunan mata, wai ko mutuwa ta wuce shi."

Ta buga sunan, sai hannunta ya tsaya.

"Baba, ba mutum ke raba jerin ba. Kwamfuta ce ke duba suna, ta ce mace ko namiji."

Ta juyo masa da allon. Hajjo, mace, shekara huɗu. Ga hoton ɗansa, har tabon goshin. Wata takwas yaron ya yi a wani gidan marayu a unguwar Poumpoumré, layi biyu da ɗakin Muntaka.

Bara aka rufe gidan, aka rarraba yaran. Har yau ba wanda ya san inda aka kai shi.