Gilashin Nélida

"Don Wilmar, matso! Yau na samo maka wata 'yar Jamus," in ji Zulma, mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwar Lahadi ta birnin Montevideo.

Tsofaffin kyamarorin Jamus masu ninkewa arba'in da ɗaya ke jere a ɗakin tsoho Don Wilmar, su kaɗai yake yi wa magana. Mutane sun ɗauka sha'awa ce, alhali guda ɗaya yake nema: wadda ɓarawo ya ɗauke shekara talatin da suka wuce, da gilashin da ya ɗauki hoton matarsa Nélida a kai kulle a ciki. Hotonta ke nan kaɗai a duniya. Bai kai ga wanke hoton ba ta rasu, kuma irin wannan gilashin, in ba a wanke ba, haske kaɗan ya taɓa shi hoton ya tafi.

Ya juya kyamarar da Zulma ta miƙo masa. Ga harafin N da ya zana da ƙusa a jikin fatar. Ya ɗago ya dubi Zulma.

"Gilashin yana ciki?"

"Haba tsoho, ni ba na sayar da fasasshen kaya! Ɗazu na zaro shi, na ɗaga shi a rana na duba. Ko tsaga babu. Sabo ne ma, babu kowa a jikinsa."