Shahidin Bakin Ƙofa

Motar ta tsaya a gindin tudu, Melke mai kula da cocin ƙauyen ya taro baƙin yana ɗingishi, mabuɗin coci na lilo a wuyansa. Shekarar ta kwance mini, amma bayan tsinkar inabi ne, don ana ta dafa ruwansa a tsakar gidaje. Ɗalibai ne daga Suwidin, suna bin tsofaffin majami'un yankin tuddan Tur Abdin ɗaya bayan ɗaya. Malamarsu, Dakta Nahrin, iyayenta 'yan nan ne, aikinta kuma nazarin ƙasusuwan mutanen da. Tun ranar da Melke ya ji mai irin wannan aiki za ta zo abinci ya daina shigarsa.

A wajen katangar coci akwai wani kabari a gindin ɓaure. Ƙasarsa ta lotsa, ƙaya ta rufe shi, babu gicciye.

"Baffa, suna tambaya," in ji Nahrin, "me ya sa wannan yake waje shi kaɗai?"

"Yaro ne ya dawo daga aikin soja ya rataye kansa. Irinsu ba sa shiga ciki." Melke bai ko waiwaya ba. "Ku kula da matakala."

Abuna Shabo, firist ɗin ƙauyen, yana jiransu a bakin ƙofa, ya dogara sanda.

"Melke, kada ka cika su da ƙarya kafin su sha shayi."

"Wadda na iya duk a huɗubarka na koya, Abuna."

Abuna ya yi dariya har da tari. Melke bai yi ba.

Ya nuna musu rubutun saman ƙofa, da kwamin dutse da ake yin baftisma a ciki tun zamanin Rumawa, da wani ginshiƙi wanda sunan mai sassaƙa shi ya ɓace mini yanzu. Ya ja zance, ya sake ja. Yana so rana ta yi ƙasa direba ya fara danna oda. Amma ɗaliban sun riga sun ji labarin ɗakin shahidai, sai da ya kunna kyandir ya shige gaba.

Ɗakin yana ƙarƙashin bagade. An fafe alkukai a bangon dutse, kowanne da ƙoƙon kai a kan tarin ƙashi: sufaye ne da aka yanka a wani tsohon yaƙi da Farisa. Melke ya bi su yana faɗin sunayensu. Na bakin ƙofa kawai ya goge wa ƙura da hankicinsa, ya wuce.

"Ka tsallake nawa," in ji Abuna. "'Yata, wannan ba a san sunansa ba, amma ya fi su duka jin kuka. Mata ƙasar gindinsa suke ɗiba in yaro na zazzaɓi. Ni kuwa ba Lahadin da ba na sumbatar goshinsa."

Ya sunkuya ya sumbata.

Nahrin ta matso da tocila. Ta haska ƙwarmin ido, ta haska muƙamuƙi, ta daɗe a wurin. Sai ta ce wa ɗaliban su hau sama su auna ginshiƙi. Da sawunsu ya ɗauke ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Abuna, wannan ba sufin zamanin Farisa ba ne. Saurayi ne, kuma likita ya cike masa haƙori. Ga cikon nan."

Dukansu sun san shekarun rikicin soja da 'yan tawaye, da mutane suka riƙa ɓacewa a tuddan nan. Sun kuma san cocin ƙauyen gaba, inda aka tono irin wannan ƙashi: jandarma suka garƙame ta, har yau tsuntsaye ne ke ibada a ciki.

"Doka ta ce in sanar," in ji Nahrin.

"'Yar ɗan'uwana," in ji Melke, "ba ki ga komai ba. Duhu ne. Ki bar shi inda yake, wa ya tsare wa hanya?"

"Baffa, wani na can yana nemansa."

"Ba mai nemansa."

Abuna yana ta goge leɓensa da bayan hannu. Can ya buga sanda a ƙasa.

"Ba jandarman da zai shigo mini nan. Gida shida muka rage, in aka rufe cocin nan an rufe mu. Amma shi ma ba zai ƙara zama cikin tsarkaka ba. Wa ya sani ko ɓarawo ne, ko ma ba a taɓa yi masa baftisma ba? Melke, kwashe shi. Wajen katanga."

"Abuna, yaran da suka warke fa?"

"Na ce waje."

Nahrin ta kashe tocilarta.

Melke ya tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa. Ya jera ƙasusuwan a hankali, dogaye a ƙasa, ƙanana a sama, ƙoƙon kan a ƙarshe. Ba wanda ya lura cewa bai lalubi ko ɗaya ba, ya san inda kowanne yake. Ya rungume ƙunshin a ƙirji ya hau matakala, ya ratsa ta cikin ɗaliban da ke ɗaukar hoton ginshiƙi, ya fita.

A gindin ɓauren ya durƙusa, ya fara cire ƙaya da hannu daga kan ramin da ya san babu kowa a ciki, tun daren da ya tone shi a ɓoye ya kai ƙashin ɗakin shahidai.

"Yi haƙuri, Danho, ɗana," ya ce. "Abuna ya sake korarka. Amma shekara da shekaru bakin da ya hana ka addu'a yana sumbatar goshinka."