Ranar da Jiniyar Binuwai Ta Farka

Shekara biyu ke nan da kafa jiniyar ambaliya a kasuwar shanu ta bakin Binuwai, ba ta taɓa yin ko tari ba. Ranar buɗe ta an yanka bijimi, an yi jawabi da Faransanci da Fulatanci, Baturen da ya haɗa ta, wani Igor, ya sha fura ya hau jirgi. Bara ruwa ya shigo kasuwar da rana tsaka ya tafi da shanu goma sha ɗaya, jiniya na tsaye a kan turakunta tana kallo.

Da daminar bana ta kama, dillalai da mahauta suka matsa wa shugaban kwamitinsu, Alhaji Wada. Shi kuma ya kira Nazira, injiniyar da ke gyaran na'urorin sola a Garwa.

Abin da sauƙi a baki. Akwai ɗan akwati mai batir da aka kafa a bakin kogi don auna tashin ruwa, yana aika rahoto ta layin waya. In ruwa ya kai jan layi, ya umarci jiniya ta yi ihu. Nazira ta ce a kai ta ta gan shi.

"Haba 'yata, wurin duk dorina ne," in ji Alhaji. "Ga irinsa nan Bature ya bari a ofis. Ki yi aikinki a inuwa."

Ta ɗauki tagwayen akwatin ta kai shagonta. Kwana shida tana bin rubutun da ke cikin kansa layi-layi, tana kunna shi tana kashewa, kafin ta kama ɓarawon. Akwatin yakan yi barci don tattalin batir. Kafin ya kwanta sai ya duba: akwai saƙo daga ma'aunin ruwa? In babu, ya rufe ido. To tsakanin dubawar da rufe idon akwai wata 'yar tazara da ba ta kai ƙiftawa ba. Saƙon da ya faɗo cikinta ya ɓace ke nan, akwatin ya yi ta sharar barci yana jiran abin da ya riga ya zo ya wuce.

Ta bayyana wa kwamiti haka. Wani dattijo ya ce shi tun farko ya san aikin aljanun ruwa ne. Wani ya kawo shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki barcin. Alhaji Wada ya yi ta gyaɗa kai yana duba agogo.

Gyaran layi huɗu ne. Akwatin ya fara tsare ƙofar saƙonni, sannan ya duba, sannan ya kwanta ta yadda duk abin da ya ƙwanƙwasa a tsakani zai tashe shi nan take. Ta gwada a bokiti sau dubu uku, bai kuskure ko ɗaya ba. Sai ta tura gyaran ta layin waya zuwa akwatin gaske, ta kuma buɗe masa sashen da ke faɗin inda yake, wanda aka rufe tun farko don batir.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Rahotannin sun nuna ruwa na raguwa kwana tara a jere, cikin Agusta, ana tafka ruwan sama. Ta ce wataƙila ma'aunin ne ya karkace, ta rubuta cewa a duba.

Washegari da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, jiniya ta tsage da kuka.

Ba wanda ya tsaya tambaya. Mutanen da suka ga bara ba a koya musu gudu. Makiyaya suka kora shanu kan titi, mahauta suka saɓa cinyoyi a kafaɗa, mai tuwo ta bar tukunya a wuta. Wani bijimi ya kutsa shagon tela ya fito da yadi a ƙaho. Alhaji Wada ya hau kan bayan a-kori-kura da lasifika, babbar riga na kaɗawa.

"Jama'a, kun ga amfanin shugabanci! Da ba mu tashi tsaye ba fa?"

Aka yi masa tafi daga kan tudu. Aka jira ruwa. Awa ɗaya, awa biyu. Binuwai na can ƙasa tana tafiyarta a natse, wani mai kwalekwale ma yana ɗaga musu hannu.

Idanu sun fara juyowa wajen Nazira, wani mahauci da namansa ya sha ƙasa yana cewa dama aikin mace. Ta buɗe wayarta. Akwatin ya ce ruwa ya tashi daga ƙasa har jan layi cikin minti arba'in, kuma yana nan a cike. A karo na farko, ga ɗigon da ke nuna inda yake.

Ta tare ɗan acaɓa. Ɗigon bai nufi kogi ba. Suka bar gada a baya, suka ratsa gari, suka shiga unguwar Rumde Ajiya, har ƙofar wani gida mai bene da ta sani sarai, don a nan ta karɓi aikin.

Hajiya Kaltumi, matar Alhaji Wada, ta tarbe ta a tsakar gida da fara'a, ruwa na zubowa daga saman bene yana fantsama a siminti.

"Shigo 'yar nan, yau muna cikin alheri. Kwana tara ba ruwan famfo, sai ɗazu ya dawo. Ga tankin can har yana ambaliya, shi kuwa ɗan akwatin da Alhaji ya sa mana a ciki don ya riƙa faɗa mana in ya cika, ko uffan bai taɓa ce mana ba."