Kajin da Aka Bar wa Maigida

Wani manomi ne, a Ɗanja ko a Bakori, garin ya kwanta mini yanzu, amma dai ƙasar da ake noman rake ce. Matarsa ta tafi zaman jegon 'yarsu a tsakiyar bazara, ta bar masa amanar kajinta. A cikinsu akwai wata kaza wake-wake da ke kwanci a kan ƙwai, irin da matar ta taho da shi daga gidan mahaifiyarta, ita kaɗai ta rage. Mutumin mai son tsari ne. Da ya zagaya bayan ɗaki sai abin ya dame shi: duma ya lulluɓe akurki, ga tsohon buhu jiƙe a kan rufin, ga fasassun kasake da ruwa nan da can, ƙarƙashin randa kuma duk kaji sun tone sun yi ramuka a cikin laima. Ya ce a ransa maciji kawai ake kira. Ya sare duman, ya jefar da buhun, ya tattara kasaken, ya cike ramukan da busasshiyar ƙasa. Ya sa langa guda mai kyau a tsakar gida ta zama ta ruwansu. Da azahar ruwan nan ya isa a dama koko.

Kwana biyu, ko uku ne, sai ya ga kajin sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake. Ya ce yunwa ce, ya watsa musu dawa da tsakar rana. Ko kallo ba su yi ba. Ya ce to mura ce, ya jiƙa musu barkono. Suka ƙara lafkewa. Sai ya tuna kajin maƙwabta na shigowa, watakila su suka kawo ciwon, don haka ya kora nasa cikin akurki ya toshe ƙofa da kwano. Ya tsaya a rana yana sharce gumi, yana fifita da hularsa, yana ta tunanin wace irin cuta ce wannan da ba ta jin magani. Kowace safiya ya ɗauke gawa ɗaya ko biyu. Wake-waken ta fi kowa daɗewa, don kaza mai kwanci ba ta barin ƙwanta ko wuta ake yi. A kan ƙwan ya same ta a mace, ranar da matar ta dawo.

Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, ta dubi bayan ɗakin nan fes kamar masallaci.

"Wallahi ban rage su da komai ba," in ji shi. "Hatsi na ba su, magani na ba su."

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Ai gida ya yi kyau."

Aka ce har ya tsufa yana ba mutane labarin annobar da ta faɗa wa kajinsu a shekarar nan, matar tana jinsa daga madafa tana ta tuƙa tuwonta. Wanda ya ba ni labarin ya faɗi sunansa, na manta, kuma gara haka, don mutumin kirki ne. Kai dai in an ba ka riƙon abin wani, ka tambaya kafin ka gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.